Tarihin Rayuwata (11): Daminar da Na Kawo Ƙasar Doka

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni daga shara aka ba ni kula da gandun renon itatuwa, can bayan Mando a Kaduna. Shekarata ashirin da uku a lokacin, kaina na rawa.

Aikin farko da aka damƙa mini shi ne renon fayin, wanda masana ke kira Pinus caribaea, baƙon itace daga Amurka ta Tsakiya mai ganye kamar tsinken tsintsiya. Saboda tsoron cutar da ke kayar da jaririn dashe, na sa aka gasa ƙasar a kan faifan ƙarfe kafin a ɗura ta a leda. Iri ya tsiro gwanin sha'awa. Wata uku sai ya tsaya cik, ganyen ya soma rawaya kamar mai shawara. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, abu sai gaba yake yi.

Akwai wani dattijon lebura da muke kira Baba, shekarunsa a aikin sun fi shekaruna a duniya. Ya tsuguna, ya tuge guda, ya karkaɗe saiwar.

"Ɗan nan, ai maraici yake yi. Ka tafi Afaka ka ɗebo ƙasar gindin manyansa."

Ya ce idan ka tona gindin tsohon fayin za ka ga wani farin abu kamar yanar gizo-gizo ya nannaɗe saiwa. Ni kuwa na san na taɓa ganin irinsa a gindin itacen doka, ga doka nan birjik a bayan shingenmu, alhali zuwa Afaka sai an rubuta takardar neman mota. Sai na ce ai duk kanwar ja ce. Na tura baro uku na ƙasar doka, na barbaɗa. Baba bai ce uffan ba, goronsa kawai ya ɓara.

Sati shida, ko gezau.

Ana cikin haka shugabanmu ya dawo daga hutu, mutum ne da ya yi kwas a ƙasar Finlan. Na ɗauka kora ce. Sai ya zaro tabarau mai ƙara girma daga aljihu, ya ba ni saiwar fayin mai lafiya da ya sa aka kawo masa. Na ga 'yan guntayen saiwoyi masu baki biyu kamar gwafa, kowacce sanye da farar safa. Ya ce wannan fumfuna ce, tana miƙa zarenta inda saiwa ba ta kaiwa, ta jawo wa itace ruwa da sinadaran fosfaras da naitirojin, shi kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa. Lemar kwaɗi da ke ɓullowa da damina 'ya'yanta ne kawai, ainihin jikin yana ƙasa. Wani Bajamushe, Albert Bernhard Frank, shi ya laƙaba wa wannan zama sunan maikoraiza a 1885.

Na ce, "To Yallaɓai, ai doka ma tana da ita."

"Tana da ita, samari, haka ma itacen kawo. Amma ta doka ba ta san fayin ba."

Daga nan ya ja kujera, ya shiga ba ni labarin dazuzzukan arewacin duniya, waɗanda suka taso daga Suwidin da Finlan, suka ratsa Rasha, suka kuma mamaye Kanada. Ya ce can masu tsintar naman kaza itace suke fara dubawa kafin su sunkuya. Akwai Leccinum scabrum, ba ka samunta sai a gindin Betula, wani itace mai farin ɓawo. Suillus grevillei ta liƙe wa Larix, wanda ke kaɗe ganye da hunturu, 'yar'uwarta Suillus luteus kuwa fayin take bi. Itacen Alnus na bakin rafi shi ne marowacin, baƙinsa 'yan ƙalilan ne kuma kusan nasa ne shi kaɗai. Sai kuma Amanita muscaria, ja mai ɗigon fari, mai guba, wadda ya kira 'yar ci-rani: gindin Betula, gindin fayin, gindin Picea, duk inda ta samu masauki ta sauke kaya. Itace guda kuma yakan ɗauki baƙi iri-iri a lokaci ɗaya.

Sunayen nan a bayan takardar albashi na rubuta su, shi ya sa har yau ban manta ba, ko da yake harshena bai taɓa daidaita da su ba.

Washegari aka ba mu mota. Baba ya zauna gaba, ni a baya da shebur. Muka ɗebo ƙasar sama haɗe da ruɓaɓɓen ganye, muka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta kashe abin da muka zo nema. Kowace leda ɗan tafin hannu. Kafin ruwa ya ɗauke, waɗanda ke da sauran kwana sun koma kore shar, sauran kuwa mun kwashe su a baro zuwa bola.

Takardar neman bahasi ta iske ni ranar Alhamis, ana saura kwana tara a kai kuɗin aurena Tudun Wada. Yadda na amsa ta, da abin da Baba ya je ya faɗa a ofis ba da sanina ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.