Daga Liyon zuwa Tawa: maganar bitamin da kuke ce in aiko

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena na Tawa. Ina gajiya, ina zafi? Mu nan Faransa sanyi ne ya sa mu gaba.

Tun da na haihu, kusan duk saƙon murya da ya shigo wayata ƙarshensa ɗaya ne: in na samu mai zuwa gida, in aiko wa yara bitamin na Turai. Na daɗe ina kau da kai don kunya. Yau zan faɗa muku gaskiya, ba rowa ce ta hana ni ba.

Abin da nake ɗiga wa ɗiyata kowace safiya bitamin D ne. Fatar mutum ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, shi ke sa ƙashi ya yi ƙwari. Nan kuwa daga Nuwamba har Maris rana ba ta da ƙarfi, yara suna ƙunshe cikin riguna, mu baƙar fata kuma mun fi kowa ƙarancinsa. Likita ce ta rubuta, ita ta ƙayyade ɗigon. A Janairun 2021 hukumar magunguna ta ƙasar nan ta yi gargaɗi, bayan an kwantar da jarirai asibiti saboda an ba su wanda ya wuce kima, har ya taɓa musu ƙoda. Ta yaya zan aiko kwalba daga nesa, ban auna yaro ba?

Wanda 'ya'yanmu suka fi buƙata yana nan kusa da ku, kuma ko dala ba a biya. Ƙwayar bitamin A nake nufi, wadda ma'aikatan lafiya ke yanke wa baki su matsa wa yaro a harshe. Shuɗiya ta ɗan wata 6 zuwa 11 ce, ja kuma daga shekara 1 har 5, duk bayan wata shida. Tana kare ido daga dundumi, tana ba jiki ƙarfin jure ƙyanda da zawo. Na sha gani da idona, masu riga-kafi suna sallama a ƙofar gida, uwa tana ɓoye ɗanta a ɗaki. Ita ce kuma gobe za ta kwance jikka biyu daga bakin zane ta sayi sirop wajen mai tallan magani da ya wuni cikin rana. Wannan abu yana ci mini rai.

Sirop ɗin ƙiba na fi tsoro. Da yawansu akwai siproheftadin a ciki, maganin ƙaiƙayi da mura ne, ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Ɗan wata 'yar'uwata ya sha shi, ya yi ta barci, aka ce ya samu lafiya. Ashe ko nono ba ya tashi ya kama sosai. Sai da aka je awo aka ɗaura masa ma'aunin dantse, ya faɗa rawaya, ƙasa da santimita 12.5. Ja yana farawa ne ƙasa da 11.5, nan tamowa ta yi tsanani. Allah ya taimaka aka tare shi da wuri.

Inna, na san za ki ce zafin Afrilu a Adar ba wasa ba ne, jariri zai ji ƙishi. Nono akwai ruwa isasshe cikinsa. A ba shi dakashi tun ranar farko, a bar shi da nono zalla har wata shida, uwa ta sha ruwan. Bayan nan koko tsararo ba ya riƙe yaro. A yi shi da kauri, a sa garin gujiya ko wake, a daka busasshen zogale a barbaɗa. Ƙwai, ɗan hanta ran kasuwa, kabewa, mangwaro in lokacinsa ya yi. A daina ɗanɗana musu shayi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini.

Akwai mai tahowa Yamai bayan salla. Na saka masa atamfofi da takalman yara, kwalba ba ta ciki. Ku ɗauko mini hoton karnen awon kowane yaro na gidanmu, ina so in ga ranar da aka ba shi ƙwayar ƙarshe.

Ku gaida Baba da mutanen unguwa duka.

Taku, daga Liyon.