Kuzi a Bagadaza

Ziyarar Shehu Abdulƙadir Jilani ce ta kai mu Bagadaza. Masaukinmu na unguwar Babus Shaikh, inda kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1166. Wata rana bayan azahar, wani dattijo mai shago kusa da masallacin ya ji daga Kano muke, sai ya kafe lallai mu bi shi gida. Muka yi ta kawaici irin namu, bai ma saurare mu ba.

Aka shimfiɗa leda a ƙasa, yara biyu suka shigo riƙe da tire guda. Kuzi ke nan, abincin biki da Sallah da karɓar babban baƙo. Naman ɗan rago ne da aka dafa a hankali na tsawon sa'o'i, sannan aka sa shi a tanderu ya yi ja, ka taɓa shi da yatsa ya saɓule daga ƙashi. Tumakinsu masu kitse ne a wutsiya, shi ya sa maiƙon ya ratsa ko'ina. An ɗora naman a kan shinkafa, an barbaɗa zabibi da soyayyen almon da siririyar taliya, ga ɗan tsami-tsami na busasshen lemun da suke kira numi Basra. A gefe akwai miyar kuɓewa da tumatir, amma ba a yanka kuɓewar ba, ƙanana ce aka zuba sukutum, babu yauƙi ko kaɗan. Wani abokin tafiyarmu ya ce wannan ai ba miyar kuɓewa ba ce, ya ture ta.

Mai gidan ya riƙa yago nama yana ajiyewa a gabana. "Ci mana, Alhaji, ko bai yi maka ba ne?"

Naman ya yi, amma ni shinkafar ce ta tafi da hankalina. Ambar sunanta, tun tana kan wuta ƙamshinta ke cika gida. Ana noma ta a yankin Mishkhab kusa da Najaf, da ruwan kogin Furat. Shuka ce mai shan ruwa sosai, ga shi Furat da Dijla sun ja baya saboda fari da madatsun ruwan da Turkiyya ta gina a sama. A 2018 har gwamnati ta dakatar da noman shinkafa saboda ƙarancin ruwa. Dattijon ya ce buhun da muke ci daga ciki, ɓoye shi yake yi sai ranar baƙi.

Bayan mun wanke hannu aka kawo baƙin shayi a ƙananan kofunan gilashi, sukari kwance a ƙasa.

Washegari muka nufi A'azamiyya, ziyarar Imam Abu Hanifa. Na sake neman kuzi a wani gidan abinci can. Naman bai da laifi, sai dai shinkafar ta Indiya ce, doguwa fara, kuma da na tambayi mai kawo abincin ko akwai ambar, dariya kawai ya yi ya wuce teburin gaba.