Fentin 'yan ƙananan mahaya a wani shago a Kano

Shagona ɗaki guda ne a wani lungu kusa da titin Gidan Zoo: tebur biyu, fitila mai haske, da yara biyu masu koyon aiki. Abin da muke yi shi ne fentin 'yan sojojin roba, waɗanda tsayinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. Turawa ke wasan yaƙi da su a kan tebur, ana jefa ɗan lido, ana auna tazara da tef. Wanda ya fi shahara shi ne Warhammer na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, ya fito a 1983, sai Warhammer 40,000 ya biyo baya a 1987. Ba launi ake sayar da su, sai mai su ya yanke, ya haɗa da gam, ya yi fenti. Wanda ba shi da lokaci, ko hannunsa ke rawa, shi ke kawo mana.

Masu irin wannan wasa a ƙasar nan ba su da yawa. 'Yan kaɗan ne daga Abuja da Legas, yawanci waɗanda suka yi karatu a waje. Da su kaɗai na dogara, da tuni na rufe shago. Abin da ke riƙe da mu mahayan hawan Sallah ne: dogarai, 'yan lifidi, 'yan sulke, hakimai da zagagensu. Wani abokin hulɗa ke fitar mana da su da injin 3D mai ƙera siffa da roba, mu kuma mu sa musu kaya. Tun da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya a 2024, masu neman tsaraba sun ƙaru.

Yawancin koyarwar da za ka gani a YouTube ta ƙasar sanyi ce, kuma Kano ba ta san da wannan ba. A watan Afrilu, fentin ruwa kan bushe a bakin buroshi kafin ka kai shi jikin doki. Maganinsa robar abinci mai murfi, a shimfiɗa soso mai laima, a ɗora takardar gashin kek, a zuba fenti a kai, sai ya wuni da danshinsa. Fentin feshi na shafen farko kuwa, in rana ta take, yakan bushe a iska ya sauka da tsakuwa-tsakuwa, don haka bayan sallar asuba muke fesawa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ko fita sayen ruwa yaro zai yi, sai ya kife kwano a kan aikinsa.

Dogari ya fi kowa cin lokaci. Jan rigarsa ba ya fitowa a kan baƙin shafe, sai an fara da ruwan ƙasa, a bi da ja mai ruwa-ruwa shafi biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Mai gaggawa ya lafta da kauri, sai ninkin rigar ya toshe, dogari ya koma kamar an tsoma shi a miyar tumatir. Bayan nan a zuba launi mai duhu a cikin ninki, a taɓa saman kafaɗa da ja mai haske, sannan koren. Sulke ya fi sauƙi: a goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa launin azurfa sama-sama, zobban su bayyana da kansu.

Inda ake kama mu ba a launi ba ne, a sanin sarauta ne. Baturen da ya sayi mahayi ba ruwansa, amma Bakano zai ɗaga shi ya duba jalala da likkafa da linzami, ya ce, “Malam, wannan wane ne shi da za a naɗa masa rawani mai kunne biyu?” Shi ya sa nake tura yaran kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, su dawo da hotuna a waya. A ganina, hakan ya fi musu bidiyo goma amfani.

Akwai waɗanda ke shigowa su yaba, amma su ce ba za su ajiye surar mai rai a gida ba. Ba na musu da su. Na kan nuna musu ƙofar gari ko ganuwa da muka yi, wani ya saya, wani ya yi mana fatan alheri ya tafi.

Ciniki ne mai wuya. Fentin Citadel da na Vallejo duk daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala, ɗan kwalban Citadel mililita 12 ne kacal. Mai saye kuma ya auna abin a tafin hannu ya ce, “Haba maigida, wannan ɗan abin?” Ba ya ganin wunin da aka yi a kan alkyabba guda. Yanzu na kan ajiye guda biyu a kan kanta, ɗaya fari fat yadda ya fito daga inji, ɗaya gamamme, in bar shi ya kalla kafin mu fara magana. Wanda ya ci gaba da taya rabin kuɗi bayan haka, albarka kawai nake ce masa.