Aikin ɗalibi ya cancanci mai karantawa fiye da mutum ɗaya

Duk wanda ya koyar a babbar makaranta a ƙasar nan ya san makomar furojet. Ɗalibi zai shafe watanni yana yawo da takardun tambayoyi, ya biya kuɗin bugawa, a ɗaure masa da bango mai tauri. Supabaiza ya duba, a ba da maki, sai a jibge aikin a ɗakin ajiya inda ƙura da gara ke jiransa. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san gumin ɗalibai da kuɗin iyayensu da ke cikin waɗannan takardu.

Rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda korona shi ya fara tura ni intanet da gaske. Kamar sauran malamai a nan Jos, WhatsApp na fara runguma. Yana da sauƙi, kowa na da shi, amma ba ya riƙe karatu. Ka tura handawut da safe, kafin la'asar gaisuwa da sanarwar biki sun binne shi, wanda ya sauya waya kuma sai ya dawo yana cewa, "Malam, don Allah a sake turo mana." Daga nan na koma dandalin bulog, wato inda mutum ke buɗe shafin intanet yana wallafa rubuce-rubucensa, na buɗe wa kwas ɗina shafi, daga baya kowane rukunin 'yan furojet ya buɗe nasa.

Biyu ne muka fi amfani da su. Blogger ya girme, tun 1999 yake, Google ya saye shi a 2003, kuma duk mai Gmail zai iya buɗe shafi kafin shayinsa ya huce. WordPress kuwa Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fara shi a 2003, yanzu fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Ga aikin aji na fi karkata ga WordPress, saboda yana raba matsayi. Akwai mai riƙe da shafin gaba ɗaya, akwai edita, akwai marubucin da zai iya wallafa nasa da kansa, akwai kuma wanda zai rubuta amma sai an duba an amince kafin ya fita. A wannan matsayi na ƙarshe nake sa sababbin ɗalibai har hannunsu ya faɗa. Yana kuma ajiye tarihin gyare-gyare, wato za ka ga wa ya taɓa rubutun da kuma yaushe. A aikin rukuni, inda mutum biyu ke wahala sauran su jira ranar sa hannu, wannan ya kashe mini gardama da yawa.

Sai dai babban abin da na koya bai shafi na'ura ba. Ɗalibi yana rubutu dabam idan ya san ba malaminsa kaɗai zai karanta ba.

Wani rukuni ya ɗauki kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, yadda tumatir da kabeji da karas ke shigowa daga gonaki, da yadda ake lodinsu zuwa kudu. Sun yi hira da dillalai, sun ɗauki hotuna, suka wallafa kashi na farko. Ɗaya daga cikinsu ya tura wa wani dattijon da suka zanta da shi adireshin shafin, ɗansa ya karanta masa. Washegari ɗan dattijon ya rubuto a ƙasan rubutun cewa Baba ya ce sun haɗa farashin babban kwando da na ƙarami wuri guda, kuma farashin asuba ba shi ne na hantsi ba. Shugaban rukunin ya same ni ofis jikinsa a sanyaye. "Malam, mu goge ne?" Na ce a'a, ku koma ku gaishe shi, ku tambaye shi da kyau, ku gyara, ku rubuta a ƙasa cewa an gyara kuma ga wanda ya nuna muku. Suka koma tun da duku-duku cikin sanyin nan na Jos, suka tsaya har aka gama sauke kaya. Ni da jan birona ba zan taɓa gano wannan kuskuren ba, don ban san kwandon tumatir kamar mai sayar da shi ba. Tun daga ranar, duk adadin da za su rubuta sai sun tambayi mutum biyu.

Kwafe ma ya ragu, ba don na yi wa'azi ba. Wanda ya san sunansa na manne da rubutun a fili, kuma kowa zai iya ɗaukar jimla ɗaya ya bincika a Google, yana jin nauyin ɗauko aikin wani.

Akwai abin da dandalin bulog ke yi wanda bai dace da kwas ba, gara malami ya sani tun farko. An gina shi ne sabon rubutu ya hau sama, tsoho ya nutse. Jadawalin kwas da ƙa'idojin jinga da ranar miƙa aiki ba sa son nutsewa, don haka a tsayayyun shafuka nake sa su, waɗanda ke nan a saman allo kullum. Rubuce-rubucen mako-mako kuma a rarraba su rukuni-rukuni. Idan ba a yi haka ba, zuwa tsakiyar zango shafin ya zama kasuwa.

Kusan duk ɗalibaina da waya suke shiga, da datar da suka tsakura daga kuɗin abinci. Hoto ɗaya daga kyamarar waya na iya kai megabayit da yawa, goma a shafi guda kuwa sun isa su sa ɗalibin da ke Unguwar Rogo ko Bukuru ya haƙura kafin ya buɗe. Dokata ita ce a rage nauyin hoto kafin a ɗora, bidiyo a sa shi a YouTube a kawo mahaɗarsa, kuma kowa ya gwada shafinsa a ƙaramar waya kafin ya ce ya gama. Masu rubutu da Hausa kuma su duba cewa salon haruffan da suka zaɓa yana nuna ɓ da ɗ da ƙ daidai, don wasu sukan mai da su akwatuna.

Maganar sirri ta fi ɗaukar mini lokaci. Wata ɗaliba ta tsaya bayan lakca ta ce, "Malam, babana ba zai so sunana da hotona su yi ta yawo a intanet ba." Gaskiyarta. Ba daidai ba ne a ce sai ka tallata kanka kafin ka ci kwas. Yanzu kowa na da zaɓi: cikakken suna, ko sunan alƙalami da ni kaɗai na san mai shi, ko a kulle rubutun da kalmar sirri. Maki ba ya hawa shafi ko kaɗan. Mutanen da aka yi hira da su ma sai an nemi izininsu, an faɗa musu a sarari cewa duniya za ta gani. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙarfafa wannan, amma ko babu doka, garin da ya ga rikice-rikice irin namu ya san abin da hoto ko adireshin gida zai iya jawowa. Shi ya sa babu sharhin da ke fita sai an tantance shi.

Sai batun mallaka, wanda mutane ba sa tunawa sai ta ɓaci. Sau da yawa shafin rukuni da imel ɗin mutum ɗaya ake buɗe shi. Ya gama, ya tafi bautar ƙasa, layinsa ya ɓata, shi ke nan an rufe ƙofa da aikin kowa a ciki. Don haka nake cewa masu riƙe da shafi su zama aƙalla biyu. Dandalin kyauta kuma ba gado ba ne. Posterous, wani dandalin bulog, ya rufe a 2013, Edmodo, dandalin koyarwa da malamai da yawa suka dogara da shi, ya rufe a 2022. WordPress da Blogger duk suna ba ka damar sauke rubuce-rubucenka a fayil guda, kuma na mai da wannan sharaɗin miƙa aiki: kowane ɗalibi ya sauke, ya ajiye kwafinsa.

A Amurka, Jami'ar Mary Washington ta kai ga ba ɗalibanta adireshin intanet na kansu, wanda za su iya tafiya da shi bayan sun kammala. Mu ba mu kai nan ba, sabunta adireshi kuɗi ne duk shekara, kuma ban ga dalilin ɗora wa ɗalibi wannan nauyin ba alhali na kyauta yana biyan buƙata. Abin da nake roƙon abokan aikina shi ne mu daina kallon shafin a matsayin ado bayan an gama "ainihin" furojet. A zangon da ke tafe ina so rukunin da zai ɗauki tsofaffin tafkunan kuza na Bukuru ya fara wallafawa tun daga makon farko na fita bincike, domin mutanen da ke noman rani a bakin tafkunan su samu damar gyara musu tun aikin bai yi nisa ba.