Kunne ne jarinmu a sana'ar neman mujiya

Ƙaramin kamfani gare ni a Jos: mota ɗaya, yara biyu, tocila, madubin hangen nesa da na'urar ɗaukar murya. Baƙi masu kallon tsuntsaye muke kaiwa dajin Amurum da Yankari. Da rana kowa na iya nuna tsuntsu. Kuɗinmu yana wurin mujiya, ita da mutanen gari ke jifa in ta sauka a kan katanga.

Ƙanana uku muka fi nema. Akwai mai ɗigon fari, Glaucidium perlatum, wadda ke da tabo biyu baƙaƙe a ƙeya kamar idanu. Ita ba ta da wuya, har da rana tana fita, kuma in na kwaikwayi fitonta sai ƙananan tsuntsaye su taru suna zaginta. Irinta na Afirka ta Yamma shi ake kira perlatum, na gabashi da kudancin nahiyar kuma licua. Baƙo ya tambaye ni yadda na bambance su, na ce masa Bauchi muke, ƙasar da muke tsaye a kai ce ta ba da amsa.

Mai farar fuska da jajayen idanu, da can ita da 'yar'uwarta ta kudu jinsi ɗaya aka ɗauke su. Kuka na cikin abin da ya raba su: tamu gaɓa biyu take yi, ta kudu sai ta yi ta in'ina kafin ta ƙarasa.

Mai ba ni ciwon kai ita ce Otus senegalensis, wadda da kaɗan ta wuce tsawon tafin hannu, launinta sak ɓawon itace. Da hunturu takwararta ta Turai, Otus scops, tana ƙetaro Sahara, ga kama kamar an tsaga kara, kuma baƙuwar da wuya ta buɗe baki a nan. Tamu kuwa "krrr" ɗaya take yi, ta huta 'yan daƙiƙoƙi, ta sake.

Wani dare a Yankari wani Bature ya nace sai na rubuta masa ta Turai a jerin tsuntsayen da ya gani, don tsuntsuwar da muka gani ta yi shiru. Na ce, "Ranka ya daɗe, shiru ba shaida ba ne." Muka kashe tocila muka zauna sauro na cinmu. Can wajen ƙarfe goma ta yi "krrr". Bai ba da tukuici ba, amma ya dawo da abokansa biyu a shekarar da ta biyo.