Shekarar da na daina cin abinci a tsaye

Ina da shagon kayan waya a unguwar PZ da ke Zariya, kuma na yi shekaru ban san ɗanɗanon abincin rana ba. A tsaye nake ci, cokali a hannu, waya a kunne, ga mai saye a gabana yana taya caja. Sau uku a mako ina hanyar Kano saro kaya a kasuwar waya ta Farm Centre. Da na sallame asuba sai tashar mota ta Kwangila, ba na dawowa sai bayan isha'i, yara sun yi barci. A lissafina su nake nema wa.

A 2023 aka taka min birki. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, zirga-zirgar ta daina biyan kanta. Ana cikin haka wani ciwon kai ya saka ni a gaba, na sha magani har na gaji. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗaura min abin awo, ta kwance, ta sake ɗaurawa, ta ce, "Malam, daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, naka kuwa ya wuce nan." Ko arba'in ban cika ba.

Amma abin da ya fi sosa min rai a gida na same shi. A kwanakin da aka ce in huta, ina kishingiɗe a tsakar gida na ji babbar 'yata tana tilawar Tabara. Na ce, "Ke, yaushe kika kai nan?" Ta ce, "Abba, ai tun kafin azumi." Ni a Sabbi na san ta. Yarinya ta haye izu huɗu a ƙarƙashin rufina, ban ji ko aya ɗaya daga bakinta ba. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Zaman banza ya ishe ni, sai na fara leƙa kawuna a cikin birni, wajen Ƙofar Gayan. Ɗinkin babbar riga yake yi da hannu, kuma aska takwas ɗaya takan ci masa watanni. Yana zaune a zaure, yadi a kan gwiwa, tabarau a ƙarshen hanci, allura na shiga tana fita. Ni kuwa ko minti biyar ba na yi ban zaro waya ba. Ya ƙyale ni kwana biyu, a na uku ya miƙo min wani ƙyalle da allura ya ce, "Ɗan nan, gwada." Na ja zare da ƙarfi, ƙyallen ya tattare wuri guda. Bai yi min faɗa ba, ya karɓa ya warware, ya ce in sake. Sai da na sake sau huɗu, kuma har aka kira la'asar ban tuna da wayar ba.

Wata Juma'a muka taka da ƙafa zuwa babban masallaci, ya nuna min bakan gizon rufin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura da ƙasa da azara tun zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. A garin nan aka haife ni, ban taɓa ɗaga kai na dube su ba.

Da na koma shago na sauya tsari. Kano sau ɗaya a mako biyu, sauran kayan a sa min a mota. Kafin magariba na rufe. In an kawo tuwo, wayata na cikin aljihun rigar da na rataye a ɗaki, mu haɗu da yara a faranti ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, na yi asara. Masu zuwa da dare sun koma shagon maƙwabci, ciniki ya ja baya. Uwargida ta damu, wata rana ta ce, "Maigida, kuɗin makaranta fa ba ya jiran mai hutu." Gaskiya ta faɗa. Muka zauna da biro da takarda, karon farko tun aurenmu, sai muka ga yawan abin da ke zurarewa a abincin hanya, da kuɗin mota, da tsarabar da nake kwasowa don in rufe bakin rashin ganina. Giɓin bai cike duka ba, amma ya ragu har muka iya ɗauka. Na kuma san ba kowa ke da wannan damar ba. Ɗan acaɓan da zai kai balas kullum ba zan ce masa ya rufe da la'asar ba. Sai dai ko shi yana da rabin awar cin abinci, kuma yana iya ba iyalinsa ita cikakkiya.

Magani ina sha har yanzu, ban wasa da shi, awon kuma ya sauko. Halin gaggawar bai bar ni kwata-kwata ba. Gabanin sallar da ta wuce na yi mako guda ina kai wa goma na dare a shago, har ƙaramin ɗana ya tare ni a ƙofa ya ce, "Abba, ka koma Kano ne?"

Washegari na rufe da wuri. 'Yata ta ɗauko Alƙur'aninta ta zauna kusa da ni, ina riƙe mata tana biyawa. Ta yi tuntuɓe a wuri biyu na gyara mata, a na uku ni ne na kuskure, ita ta gyara min.