Kwana na tara a sabon gari

Talata, da daddare.

Ledar sharar da na fitar jiya tana nan a ƙofar gida da safe, an manna mata jar takarda. Motar shara ta zo ta kwashe na kowa, ta tsallake tawa. Mai gadin gidan, wani dattijo marar yawan magana, ya sa sandarsa ya buɗe bakin ledar, ya nuna min gwangwani biyu da kwalba ɗaya a cikin tarkacen. Na ce, "Baba, to ina ake kai su?" Ya ce, "Yaro, kowanne da ranarsa. Je ka duba bayan ƙofa." Ashe jadawalin na manne a can tun ranar da na tare, kullum ina wuce shi.

Abu uku ne a harkar shara, kuma ko ɗaya aka kuskure ledar za ta kwana: rana, lokaci, da irin ledar. Rana ita ce mai sauƙi tunda a rubuce take. Lokaci ne ke ka da mutum, domin wani garin tun dare ake fitarwa, wani kuwa sai da sassafen ranar, saboda kuliyoyi da hankaki. A garuruwa da dama na Japan sai da ledar da hukumar gari ta amince da ita, in ka zuba a wata ba za a ɗauka ba. A Taipei ba a ma ajiyewa a ƙasa, motar ce ke zuwa tana kiɗa, kowa ya fito da tasa ya jefa da hannunsa. A Jamus kwalba kanta gida uku ce, fara da koriya da mai ruwan ƙasa, kuma ba a jefa ta a mazubi ranar Lahadi don ƙararta na damun maƙwabta. Gwangwani dai a wurare da dama in aka ce a ware shi, ana so a ɗauraye shi tukuna, in ba haka ba yana jiƙa kwali ya ɓata shi.

A tashar bas na bar mota biyu suka wuce ina kallo kawai. Minti goma ne, kuma sun fi tambaya amfani. Abin dubawa: ta wace ƙofa ake shiga, ta wace ake fita, ana ɗaga wa direba hannu ko shi ke tsayawa da kansa, sannan me mutane ke yi da hannunsu da zarar sun shiga. Wannan na ƙarshen shi ne mai tsada. A nan kowa na cusa tikitinsa cikin wani ƙaramin akwati kusa da ƙofa, ya yi ƙas, ya fito da kwanan wata da lokaci a jiki. Tikitin da ba a buga masa wannan hatimin ba, a wajen mai dubawa daidai yake da babu, ko da yanzu ka saye shi. Haka tsarin yake a Balin da Rum. Dalilin a fili yake: tikiti marar hatimi ana iya sake hawa da shi gobe. A Landan kuwa tun 2014 bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai kati.

Na lura abubuwan gari kashi biyu ne, akwai wanda karya shi ke jawo tara, akwai wanda harara kawai yake jawowa. Na tara a rubuce yake a wani wuri, ko a bango ko a bayan tikiti. Na harara ba mai rubuta shi, kuma shi ya fi yawa. Matakalar lantarki ta tashar jirgin ƙasa misali ce: gefe ɗaya na masu tsayawa, ɗayan na masu sauri. A Landan dama ake tsayawa. A Tokiyo hagu, amma a Osaka, ƙasa ɗaya, dama. Ba a kintata shi daga hannun da motoci ke bi, tunda Ingila da Japan duk hagu suke tuƙi. Ƙafafun mutum biyar na gabanka za ka kalla.

Ofishin rajistar mazauna shi ya cinye min hantsi. Takardar ta ce hawa na 2. Na hau bene ɗaya na tsaya, ashe saura ɗaya. A Ingila da Faransa da yawancin Turai ƙasa sifili ce, sai an hau ake fara ƙirga 1, a Amurka kuwa ƙasan ita ce 1. Maɓallan lif ne ke raba gardama: in akwai 0 a ƙasan 1, to ƙirgen Turai ne. Wasu gine-ginen Amurka ba su da 13, wasu na Sin ba su da 4 don lafazinsa ya yi kama da na mutuwa.

A ɗakin jira ba layi, mutane na zazzaune a warwatse kamar ba abin da ya kawo su. Wannan shi ke ruɗin baƙo, ya ga ba kowa a gaban kanta ya miƙe can kai tsaye, sai ɗaki ya ɗauki gunaguni. Layin na nan, ba a tsaye yake ba ne. Ko dai akwai injin lamba a bakin ƙofa, yawanci a bayan wanda ya shigo, shi ya sa ba a ganinsa, ko kuma irin na Kuba, inda mai shigowa ke tambayar wa ne na ƙarshe, ya riƙe fuskar mutum ɗaya kawai. A Singafo ƙunshin tishu aka ɗora a tebur ya isa shaida cewa wurin da mai shi. Na nan injin lamba ne. Wata dattijuwa ce ta nuna min shi da haɓa, na ce, "Na gode, Mama."

A fom ɗin sai da na tsaya a kan kwanan wata. 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Turai 3 ga Afrilu. Dabarar ita ce a nemi wata takardar ofishin mai lambar da ta wuce 12, a ga gidan da take, nan ne gidan rana. Ranakun hutu ma ba a ɗauka da ka: Masar Juma'a da Asabar, Saudiyya ta koma haka a 2013 daga Alhamis da Juma'a, Daular Larabawa kuma ta koma Asabar da Lahadi a 2022.

An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. Gaskiya ne, amma "kowa" aka ce. Mutum ɗaya da ya tsallaka titi wuta na ja ba al'adar gari ba ce, wataƙila shi ma baƙo ne, ko sauri yake. Sai na ga abu sau uku, daga mutane daban, a lokaci daban, nake kwaikwaya. Gaisuwa a cikin lif yau ta cika ukun: ana yi da shiga, kalma ɗaya, ba a ƙara komai, sannan a sake yi da fita.

Da misalin goma na dare gidan ya yi tsit kamar an ɗauke wuta, injin wankin da ke ruri a sama ma ya tsaya. Nawa wankin sai gobe da rana. Na ɗauki hoton jadawalin bayan ƙofa a waya. Laraba kwali da takarda, a ɗaure da igiya, kafin takwas na safe. Gwangwanin biyu na wanke su suna kife a bakin taga, sai Juma'a.